Ƙaura biyu da suka zaɓa wa Arsenal abokan gaba

Ka tambayi magoya bayan Arsenal uku wace ƙungiya suka fi jin haushi, sai ka samu amsa uku. Wanda ya fara kallo a zamanin Patrick Vieira da Roy Keane zai ce Manchester United. Wanda ya buɗi ido ya tarar Didier Drogba ya mayar da ragar Arsenal gonar gado, Chelsea zai ce. Shi kuwa haifaffen arewacin Landan, wanda ya gaji ƙungiyar daga kakansa, ko tunani ba zai tsaya yi ba zai ce Tottenham. Kowannensu yana da gaskiya, sai dai gabar ba iri ɗaya ba ce, kuma ba a gane tushen kowacce sai an bi sawun ƙaura biyu da Arsenal ta yi, ta 1913 da ta 2006. Ta farko ce ta haifi gabar Tottenham. Ta biyu ta kashe hamayyar United, ta kuma bar wa Chelsea fili.

Baƙuwa daga ƙetaren kogi

Asalin Arsenal ba arewacin Landan ba ne. Ma'aikatan masana'antar ƙera makamai ta Royal Arsenal da ke Woolwich, kudu da kogin Thames, su suka kafa ta a 1886 da sunan Dial Square, bisa jagorancin wani ɗan Sikotland mai suna David Danskin. Igwar da ke jikin tambarinta daga nan ta samo asali. A 1893 ta shiga gasar ƙasa da sunan Woolwich Arsenal, ita ce ta farko daga kudancin Ingila, sannan ta hau rukuni na ɗaya a 1904.

Matsalarta wurin zama ce. Filinta na Plumstead yana can gefen gari, zuwa wurin da wahala, kuma a zamanin da babu kuɗin talabijin, kuɗin ƙofa shi ne abincin ƙungiya. Zuwa 1910 ta kai bakin durƙushewa. Nan Henry Norris ya shigo, attajirin dillalin gine-gine wanda ke shugabantar Fulham. Da farko ya so ya haɗe ƙungiyoyin biyu su zama ɗaya, hukumar gasar ta ƙi. A kakar 1912/13 Arsenal ta ci wasa 3 kacal cikin 38, ta ƙare a gindin teburi, ta faɗa rukuni na biyu. Norris ya yanke cewa in dai ana Plumstead to babu ranar warkewa.

Wurin da ya samo shi ne filin wasannin wata kwalejin koyar da limaman coci a Highbury, wanda ya karɓa haya ta shekara 21 a kan fam 20,000, da sharaɗin ba za a buga wasa ranar Kirsimeti da ranar Juma'ar Ista ba. Ba filin ne ya ja hankalinsa ba, tashar jirgin ƙarƙashin ƙasa ce da ke daf da wurin, da cunkoson gidajen ma'aikata da suka kewaye shi. Sai dai tsakanin Highbury da White Hart Lane, gidan Tottenham, bai wuce kilomita shida da 'yan kai ba. Tottenham da Clapton Orient suka kai ƙara cewa an zo a ci musu kasuwa. Hukumar ta duba littafinta ta ga babu dokar da ta ba ta ikon hana ƙungiya sauya mazauni. Ranar 6 ga Satumban 1913 Arsenal ta buga wasanta na farko a Highbury, ta doke Leicester Fosse 2-1, shekara na zagayowa ta yar da kalmar Woolwich daga sunanta. Har gobe idan 'yan Tottenham na son cin fuska, da "Woolwich" suke kiranta, wato ki tuna ke baƙuwa ce.

Zaɓen 1919

Da a nan maganar ta tsaya, da ta zama rigimar maƙwabta kawai. Abin da ya mayar da ita gabar gado ya faru ne a ɗakin taro, ba a fili ba.

A kakar 1914/15, ta ƙarshe kafin Yaƙin Duniya na Ɗaya ya tsayar da gasa, Tottenham ta ƙare ta 20 a rukuni na ɗaya da maki 28, Chelsea ta 19 da maki 29, Manchester United ta 18 da maki 30. Arsenal tana rukuni na biyu, ta biyar. Da aka dawo a 1919 sai aka yanke a faɗaɗa rukuni na ɗaya daga ƙungiya 20 zuwa 22. Derby County da Preston sun riga sun hau, tunda su ne na ɗaya da na biyu. Saura kujera biyu. Tottenham ta saki jiki, domin da aka yi irin wannan faɗaɗawa a 1905, ƙungiyoyi biyu na ƙarshen teburi aka bari suka ci gaba da zamansu.

Chelsea ta samu tata ba tare da an kaɗa ƙuri'a ba, kuma da dalili. An gano cewa wasan da United ta ci Liverpool 2-0 a Afrilun 1915 haɗa baki aka yi don caca, har an kori 'yan wasa bakwai. Wancan maki biyu na coge su suka ɗora United a kan Chelsea. Kujera ɗaya ta rage, ita aka kaɗa wa ƙuri'a: Arsenal 18, Tottenham 8, Barnsley 5, Wolves 4, sauran suka raba ragowar. Ƙungiyar da ta zo ta biyar ta tsallake ta uku da ta huɗu, ta kuma tunkuɗe maƙwabciyarta.

Hujjar da aka kafa ita ce Arsenal ta riga Tottenham shiga gasar da shekara 15. Hujja ce mai rauni, domin Wolves tana cikin waɗanda suka kafa gasar tun 1888. An daɗe ana zargin Norris da sayen ƙuri'u, ko da haɗa kai da John McKenna, shugaban gasar kuma jigo a Liverpool, amma ba a taɓa kawo shaida ba. Abin da ya tabbata shi ne Norris mutum ne mai dogon hannu, ɗan majalisar dokoki a lokacin, kuma ƙungiyoyin arewa sun san zuwa Highbury ya fi kawo kuɗin ƙofa a kan zuwa Barnsley. Korar da hukumar FA ta yi masa daga harkar ƙwallo a 1927, kan wasu maganganun kuɗi na daban, ita ta ƙara wa zargin ƙarfi a bakin mutane. Tottenham ta huce ta hanyar lashe rukuni na biyu a 1920 da Kofin FA a 1921. Arsenal kuwa tun daga 1919 ba ta sake sauka ba.

Chapman, da yadda baƙuwa ta zama uwar gida

Norris ya samo mata kujera, Herbert Chapman ne ya sa ta cancanci zama a kai. Ya zo daga Huddersfield a 1925, shekarar da aka sauya dokar satar gida: a da sai akwai 'yan adawa uku tsakanin ɗan wasa da layin raga, aka mayar da su biyu. Tsarin da kowa ke bugawa a lokacin shi ne masu tsaron baya biyu, 'yan tsakiya uku, 'yan gaba biyar, kuma tarkon satar gida shi ne makamin masu tsaron bayan. Da tarkon ya lalace sai ƙwallaye suka ɓarke. Rukuni na ɗaya ya tashi daga ƙwallo 1,192 a kaka guda zuwa 1,703. A Oktoban shekarar Newcastle ta yi wa Arsenal 7-0.

Maganin da Chapman da kyaftin ɗinsa Charlie Buchan suka fito da shi shi ne a janye na tsakiyar 'yan tsakiya ya koma tsakanin masu tsaron baya, aikinsa kawai ya riƙe ɗan gaban abokan karawa. Masu tsaron bayan biyu su buɗe gefe su kama 'yan gefe. Ramin da ya bari a tsakiya kuma sai biyu daga cikin 'yan gaba su ja da baya su cike shi. Ya zama 3-2-2-3, wanda ake kira WM saboda siffarsa a takarda. Arsenal ta koyi barin abokan karawa su taho, ta ƙwace, ta tsinka da doguwar ƙwallo zuwa gefe. Da shi ta ci Kofin FA a 1930 da gasa a 1931, 1933, 1934, 1935 da 1938, duk da Chapman ya rasu a Janairun 1934. A 1932 ma ya shawo kan hukumar jiragen ƙasa ta sauya wa tashar Gillespie Road suna zuwa Arsenal. Baƙuwar da ba ta cika shekara 20 a unguwa ba ta sa sunanta a taswirar Landan.

Kambu biyu a tsakar gidan kishiya

Tottenham ta yi nata zamanin. Ƙarƙashin Bill Nicholson ta haɗa gasa da Kofin FA a 1961, ita ce ta farko da ta yi haka a ƙarni na 20, ta kuma zama ƙungiyar Birtaniya ta farko da ta ɗauki babban kofin Turai a 1963. Shekara goma bayan nasarar 1961 Arsenal ta maimaita abin, kuma inda ta ɗauki kambun shi ne abin ciwon.

Ranar 3 ga Mayun 1971, wasan ƙarshe, a White Hart Lane. Leeds ta gama wasanninta da maki 64, Arsenal na da 63, cin wasa maki biyu ne a lokacin. Idan maki ya zo ɗaya, ba bambancin ƙwallaye ake dubawa ba, raba ƙwallayen da ka ci ake yi da waɗanda aka zura maka. Leeds ta ci 72 an ci ta 30, wato 2.400. Arsenal ta ci 70 an ci ta 29, wato 2.414. Ma'ana canjaras babu ci ya ba Arsenal kambu, amma 1-1 zai mayar da lissafinta 71 a raba da 30, wato 2.367, kambu ya tafi Leeds. Saboda haka da Ray Kennedy ya sa kai ya ci ana saura 'yan mintuna, sai hatsarin ya ƙaru maimakon ya ragu: kafin ƙwallonsa Arsenal tana da kambu a hannu, bayanta kuwa Tottenham ta buɗe wuta, kuma farkewa ɗaya ta isa ta rushe komai. Aka tashi 1-0. Bayan kwana biyar Arsenal ta doke Liverpool 2-1 ta ɗauki Kofin FA.

Ta sake yi ranar 25 ga Afrilun 2004, a fili ɗaya, da canjaras 2-2. Gasar da Tottenham ta taɓa ci a tarihinta biyu ce, 1951 da 1961, kuma adadin da Arsenal ta ɗaga a gidan Tottenham ke nan. A cikin masu murnar 2004 akwai Sol Campbell, wanda ya taso a Tottenham tun yana yaro har ya zama kyaftin. Hukuncin Bosman na 1995 ya ba ɗan wasan da kwantiraginsa ya ƙare damar tafiya kyauta, Campbell ya bari nasa ya ƙare a 2001, ya tsallaka Highbury, Tottenham ba ta samu ko kwabo ba. 'Yan Tottenham ba su yafe ba har yau.

United: gabar da kofi ya ɗaure

Tsakanin Landan da Manchester babu rigimar iyaka. Akwai tsohuwar tsama, kamar dambarwar Old Trafford ta Oktoban 1990 da ta haɗa 'yan wasa 21, wadda ta sa aka zabtare wa Arsenal maki biyu, United ɗaya, kuma duk da haka Arsenal ta George Graham ta ci gasar da rashin nasara ɗaya tak. Amma ainihin gabar ta fara ne da zuwan Arsene Wenger daga Nagoya Grampus ta Jafan a Oktoban 1996. Daga 1996 zuwa 2004 an buga gasar Firimiya tara, United ta ɗauki shida, Arsenal uku, babu wata da ta leƙo. Idan ƙungiya biyu ne kawai ke iya cin gasa, to haɗuwarsu biyu a shekara ta zama wasan ƙarshe.

Ƙwallon Marc Overmars a Old Trafford a Maris na 1998 ita ta karkatar da kambu zuwa Landan. A Afrilun 1999, a maimaicin wasan daf da ƙarshe na Kofin FA a Villa Park, an kori Keane, Peter Schmeichel ya tare fenaretin Dennis Bergkamp ana daf da tashi, Ryan Giggs ya yanke masu tsaron baya ya ci a ƙarin lokaci. Da fenaretin nan ta shiga, da babu zancen kofi uku na United a shekarar. A Mayun 2002 Sylvain Wiltord ya ba Arsenal kambu a Old Trafford.

Wasa biyu ne suka taƙaita zamanin. Na 21 ga Satumban 2003 an tashi babu ci, bayan an kori Vieira, Ruud van Nistelrooy kuma ya buga fenareti a turken sama a minti na ƙarshe. Martin Keown da abokansa suka yi masa caa a kai. Aka ci tarar Arsenal fam 175,000, aka dakatar da Lauren wasa huɗu, Keown uku. Wasa na shida ke nan a kakar da Arsenal ta gama ba a doke ta ba, ta ci 26 ta yi canjaras 12. Tazarar ɗan yatsa a jikin turke ce ta tsare tarihin. Na biyu shi ne na 24 ga Oktoban 2004, lokacin da ta je da wasa 49 a jere ba a ci ta ba. Alƙali Mike Riley ya ba da fenareti kan faɗuwar Wayne Rooney a gaban Campbell, hukuncin da har yanzu ake musu a kansa, Van Nistelrooy ya rama, Rooney ya ƙara ta biyu. A hanyar ɗakin sauya kaya aka jefi kocin United Alex Ferguson da yankan fiza, bayan shekaru Cesc Fabregas ya amsa cewa shi ne. A Mayun 2005 Arsenal ta ci United a bugun fenareti a wasan ƙarshe na Kofin FA, bugun da Vieira ya rufe da shi kuma shi ne taɓa ƙwallonsa na ƙarshe a rigar Arsenal. Daga nan sai shekara tara babu kofi.

Bashin Emirates da kuɗin Abramovich

Dalilin wannan fari lissafi ne. Bayan bala'in filin Hillsborough na 1989, inda turmutsitsi ya kashe 'yan kallo, aka wajabta kujeru a filayen manyan ƙungiyoyi, Highbury ya ragu zuwa mutum 38,419. Ba shi faɗaɗuwa: gidaje sun kewaye shi, rumfar gabas kuma tana cikin gine-ginen tarihi da doka ta hana rushewa. Old Trafford a lokacin yana ɗaukar kusan 68,000, yana hanyar zuwa 76,000. Kowane wasan gida United na tara kuɗin mutum kusan 30,000 fiye da Arsenal. Shugabannin suka ga in ba a ƙaura ba, ko Wenger ba zai iya ci gaba da toshe wannan rami ba.

Filin Emirates, mai ɗaukar 60,000, ya ci kusan fam miliyan 390, an ciyo bashin miliyan 260 daga bankuna, aka sayar wa kamfanin jiragen Emirates suna da gaban riga a kan kimanin miliyan 100 na tsawon shekaru. An buɗe shi a 2006, kuɗin ƙofa kuma ya ninka kamar yadda aka tsara. Abin da ba a tsara ba abu uku ne. An kulle yarjejeniyar talla ta dogon zango a farashin da ya zama araha cikin 'yan shekaru, don ana buƙatar kuɗin a hannu. Gidajen da aka mayar da Highbury suka fito kasuwa daidai lokacin da tattalin arziki ya karye a 2008. Babbar kuwa, an gina filin ne don a kamo United, sai ga Roman Abramovich ya sayi Chelsea a 2003, attajiran Abu Dhabi suka sayi Manchester City a 2008. Waɗannan ba daga ƙofa suke samun kuɗi ba, daga aljihu suke zarowa.

Sai Arsenal ta koma mai sayarwa, kuma ga abokan hamayya. Ashley Cole ya tafi Chelsea a 2006 bayan taƙaddamar albashi da ganawar sirri da ta jawo tara. Emmanuel Adebayor da Kolo Toure suka tafi City a 2009, Samir Nasri ya bi su a 2011, watan da Fabregas ya koma Barcelona, kuma a ƙarshen watan ne United ta yi mata 8-2. A 2012 aka sayar wa United Robin van Persie a kan kusan fam miliyan 24, ya ci ƙwallo 26 ya ba ta kambu. Babu alamar mutuwar hamayya da ta wuce wannan. Ferguson na 2003 ko wayar bugawa ba zai yi ba ya nemi kyaftin ɗin Arsenal, don ya san amsar. A yi wa Wenger adalci: ya ƙare cikin huɗun farko kaka 20 a jere, kuma kuɗin Kofin Zakarun Turai da hakan ke kawowa yana cikin abin da ya riƙe bashin.

Da Chelsea kuwa, sama ce ta koma ƙasa. A da Arsenal ce ke wasa da ita. Ranar 23 ga Oktoban 1999 a Stamford Bridge, Chelsea na gaba 2-0, Nwankwo Kanu ya ci uku cikin minti 15 na ƙarshe, ta ukun ma daga bakin layin kwana, bayan ya yanke gola Ed de Goey da ya fito, ya lanƙwasa ta daga inda kowa ke jiran ya miƙa wa wani. Juyin ya fara da ƙwallon Wayne Bridge a Highbury a Afrilun 2004, wadda ta fitar da Arsenal mafi ƙarfi a tarihi daga Kofin Zakarun Turai. Drogba ya ci ta 13 a rigar Chelsea. Wasan Wenger na 1,000 a Maris na 2014 ya ƙare 6-0 a hannun Jose Mourinho. Arsenal ta rama a wasan ƙarshe na Kofin FA a 2017 da 2020, Chelsea ta ci na Europa 4-1 a Baku a 2019.

Tun zuwan Mikel Arteta a Disamban 2019, City ce ta hau kujerar da United ta bari. Arsenal ta bi bayanta da maki 84 a 2023 da 89 a 2024. Hamayya ce ta kofi, irin wadda ke lafawa da zarar ɗaya ta yi sanyi. Ta Tottenham ce ba ruwanta da teburi. Ranar 14 ga Mayun 2024 City ta je gidan Tottenham, kuma ko canjaras Tottenham ta yi, Arsenal za ta shiga ranar ƙarshe tana saman teburi. Ita kanta Tottenham tana buƙatar nasara don neman gurbin Kofin Zakarun Turai. City na gaba 1-0, ana saura 'yan mintuna, Son Heung-min ya fita daga shi sai gola, golan City Stefan Ortega ya tare da ƙafa. Erling Haaland ya ƙara ta biyu da fenareti. Gurbin ya tafi Aston Villa, kocin Tottenham na lokacin Ange Postecoglou ya fita ransa a ɓace, wani sashe na 'yan kallon Tottenham kuwa suna ta shewa a cikin filinsu.